Shirin ba da gudummawar jini a karon farko

A Katsina, galibin masu ba da jini ba su fara shi da shiri ba. Kira ne kan zo daga asibiti cewa matar wani ta zubar da jini wajen haihuwa, ko zazzaɓin cizon sauro ya shanye jinin yaro, sai a bazama neman 'yan uwa. Matsalar ta fi ƙamari da damina, lokacin da asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa da cibiyar kula da yara masu tamowa ta Ƙofar Sauri ke cika. Jinin da ke ceton rai cikin gaggawa kuwa shi ne wanda aka riga aka ɗiba, aka tantance, aka ajiye.

Ana karɓar jinin mai lafiya ɗan shekara 18 zuwa 65, wanda nauyinsa bai gaza kilo 50 ba. Mai ciki da mai jego da mai sikila ba sa bayarwa, haka wanda ke kwance da zazzaɓi sai ya warke.

Shirin bai da wuya, amma a nan ake yawan kuskure. Ɗan kasuwar da ya fito tun asuba da shayi kaɗai a cikinsa, ya yini a rana, shi jiri ya fi kamawa. Ana so mutum ya samu isasshen barci, ya ci abinci sa'o'i kaɗan kafin ya je, ya kuma sha ruwa sosai. Cin nama da hanta da wake da zogale a makonnin da suka gabata yana ƙara sinadarin ƙarfe da jiki ke gina jini da shi. Mai azumi ya bari sai bayan buɗa-baki.

Kafin ɗiba, ana auna hawan jini, a tsaga yatsa don duba yawan jinin, sannan a yi tambayoyi kan lafiya da magungunan da mutum ke sha. Kunya ba ta da muhalli a nan, domin ko da yake ana gwada jinin don gano HIV da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, cutar da aka kamu da ita kwanan nan tana iya ɓoyewa gwaji.

Abin da ake ɗiba kimanin mililita 450 ne daga cikin kusan lita 5 da ke jikin baligi, da sabuwar allura, cikin minti 10 ko makamancin haka. Ruwan jinin yana dawowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, jajayen ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni.

Bayan an gama, a huta na kwata, a sha ruwa ko lemo. Ɗaukar buhu da doguwar tafiya a babur su jira washegari. Namiji na iya sake bayarwa bayan wata 3, mace bayan wata 4.