Tarihin Sadarwa a Dubai: Daga Kamfani Ɗaya Tilo Zuwa Hukumar Sa Ido

 A yau shirin zai leƙa birnin Dubai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda 'yan kasuwarmu na Kano da Maraɗi suka daɗe suna zuwa sarin wayoyin salula a unguwar Deira. Za mu duba yadda harkar sadarwa ta bunƙasa a can, tare da tambayar da ke gaban kowace ƙasa mai tasowa, wato shin a damƙa wa kamfani ɗaya ragamar aikin domin a yi sauri, ko kuwa a buɗe kasuwa domin mai saye ya samu sauƙi.

Tun kafin a gano man fetur a Dubai a shekarar 1966, sarkin garin na lokacin, Sheikh Rashid bin Sa'id Al Maktum, ya fahimci cewar garin da ya dogara da fatauci ba zai ci gaba ba sai da waya. A shekarar 1959 aka kafa kamfanin tarho na farko a garin, bisa haɗin gwiwa tsakanin kamfanin International Aeradio na Birtaniya da sarkin da wasu attajirai, kuma ya zuwa 1961 layuka sun fara aiki. Bayan da masarautun yankin suka dunƙule suka zama ƙasa ɗaya a 1971, sai a 1976 aka kafa kamfanin ƙasa baki ɗaya mai suna Emirtel, wanda daga bisani aka fi sani da Etisalat. A shekarar 1983 gwamnati ta riƙe kashi 60 cikin 100 na hannayen jarinsa, aka sayar wa jama'a sauran kashi 40.

Wata doka ta shekarar 1991 ta ƙara wa Etisalat ƙarfi, domin ta ba shi ikon gudanar da ayyukan sadarwa na ciki da waje, har ma da ba da lasisin shigo da na'urorin sadarwa da amfani da su. A taƙaice dai shi ke kiɗansa, shi ke rawarsa. To amma wajibi ne a faɗi gaskiya, kamfanin bai yi barci ba. Ya fara aikin wayar tafi-da-gidanka tun a 1982, ya kawo tsarin GSM a 1994, sannan intanet a 1995. Kazalika yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Thuraya a 1997, wanda aka harba tauraronsa na farko a shekara ta 2000. Dattawa daga cikin masu sauraro za su tuna da wayar Turayya, wadda manyan 'yan kasuwa da matafiya cikin hamada suka riƙa amfani da ita a wuraren da babu sabis.

To ko me ya sa aka ga dole sai an kafa hukumar sa ido? Amsar tana da nasaba da kimiyya. Wayar salula tana aiki ne da igiyoyin rediyo, kamar dai yadda kuke kama tashoshi a kan mitoci daban-daban. Waɗannan mitoci suna da iyaka, kuma idan kamfanoni biyu suka hau zango ɗaya, sai muryoyi su cakuɗe. Saboda haka dole a samu mai rabawa. Bayan haka akwai rabon lambobi, da kuma batun kuɗin da kamfani zai biya ɗan'uwansa idan kira ya tashi daga layin wannan ya sauka a layin wancan. Muddin tsohon kamfani ne zai yanke wannan farashi, to sabon shiga ba zai kai labari ba.

A shekara ta 2000 aka buɗe Dubai Internet City, inda manyan kamfanonin kwamfuta na duniya irin su Microsoft suka kafa ofisoshi. Shekaru 3 bayan haka, a 2003, aka zartar da dokar da ta kafa hukumar kula da harkokin sadarwa, TRA a taƙaice, wadda a yanzu ake kira TDRA. Wannan doka ce ta share fagen kafa kamfani na biyu mai suna du, wanda ya fara aikin salula a watan Fabrairun 2007. A ƙarshen 2013 kuma aka ba mutane damar sauya kamfani ba tare da rasa lambarsu ba.

Sai dai fa akwai lauje cikin naɗi, domin gwamnati ce ke da kaso mafi tsoka a kamfanonin biyu, kuma ita ce ta naɗa mai sa musu ido. An ga tasirin haka a batun kira ta intanet. A irin wannan kira ana mayar da murya ƙananan ƙunshin bayanai ne, su bi ta intanet kamar wasiƙar imel, ba tare da an biya kuɗin kiran ƙasashen waje ba. A ƙasar da kusan mutum 9 cikin 10 baƙi ne masu kiran gida, wannan ba ƙaramar asara ba ce ga kamfanonin waya. Hukumar ta tsaya a kan cewar mai lasisi ne kawai zai yi wannan aiki, shi ya sa shekara da shekaru baƙon da ya sauka Dubai kan tarar saƙonsa na WhatsApp yana tafiya amma kira ba ya shiga. Sai a watan Maris na 2020, lokacin annobar korona, aka sassauta wa manhajoji irin su Zoom saboda karatu da aiki daga gida. Haka nan a 2010 hukumar ta yi barazanar dakatar da saƙonnin BlackBerry bisa dalilan tsaro, kafin a daidaita a watan Oktoba.

Idan muka waiwayo gida, Nijeriya wata hanya ta bi daban. Layukan NITEL ba su kai rabin miliyan ba a lokacin da hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM a watan Janairun 2001, inda MTN da Econet kowannensu ya biya dala miliyan 285. Gogayya ta karya farashin layi, har waya ta kai hannun manomi a ƙauye. Shi kansa Etisalat ya shiga wannan kasuwa a 2008 da lambar 0809, amma a 2017 ya tattara nasa ya nasa bayan taƙaddama da bankuna a kan bashin dala biliyan 1.2, kamfanin da ya bari ya koma 9mobile.

Abin lura a nan shi ne, Dubai ta samu ingancin aiki da wuri saboda kamfaninta yana da kuɗi kuma ana zuba ribarsa a cikin sababbin na'urori, amma zaɓin mai saye ya taƙaita ga kamfanoni biyu. Nijeriya kuwa ta samu zaɓi da araha, amma ana ta kokawa da yankewar kira. Duk hanyar da ƙasa ta bi, mai waya a hannu yana buƙatar hukumar da za ta iya tsawata wa kamfani, ko da kuwa na gwamnati ne.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Sai kuma mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, a huta lafiya.