FC Barcelona Bàsquet B

FC Barcelona Bàsquet B ita ce ƙungiya ta biyu ta sashen ƙwallon kwando na kulob ɗin FC Barcelona, da ke yankin Kataloniya a ƙasar Sifen, sashen da aka assasa ranar 24 ga Agusta, 1926. Mazauninta yana cibiyar wasanni ta Joan Gamper, a garin Sant Joan Despí da ke daura da birnin Barcelona, wadda aka buɗe a shekarar 2006.

Maƙasudin kafa ta shi ne tarbiyyar matasan 'yan wasa, domin yaron da ya kammala matakan ƙuruciya, alhali bai kai munzilin shiga babbar ƙungiya ba, ya sami fagen gwada ƙwazonsa da manyan mutane kafin a ɗora masa nauyin gasar ACB, wato mataki na farko. Bisa ƙa'idar wasan a Sifen, ba ya halatta ƙungiya ta biyu ta zauna aji ɗaya da uwarta, saboda haka iyakar darajar da ta taka ita ce gasar LEB Oro, wato mataki na biyu, ta kuma yi zamani a gasannin LEB Plata da EBA da ke ƙasa da shi.

Daga cikin mashahuran da suka biyo ta wannan hanya akwai Juan Carlos Navarro, wanda ya fara bugawa babbar ƙungiya wasa a 1997 yana ɗan shekara 17, da Pau Gasol, wanda ya tafi Amurka a 2001, ya kuma ci kofin NBA tare da Los Angeles Lakers a 2009 da 2010.