Zango Huɗu a Ƙasar Lautai: Tarihin Tafiya da Shawara Ga Mai Son Buɗe Ido



Kusan dukkanmu mun taɓa cin karo da bidiyon manyan jiragen ruwan nan masu hawa-hawa, da ɗakunan kwana da wuraren cin abinci, suna ɗauke da masu yawon shaƙatawa daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. Mukan kalla mu ce, "Allah Ya kai mu." To, amin. Sai dai mu 'yan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ko babban kogi ba mu da shi, balle teku. Jirgin ruwan da kakanninmu suka sani shi ne wanda ke tsallakar da alhazai Bahar Maliya zuwa Jidda, bayan sun ratsa Cadi da Sudan ta ƙasa, wasu su shekara da shekaru a hanya.

Amma mu tambayi kanmu, me fasinjan irin wannan jirgi yake biyan kuɗi ya gani? Ruwa dai ruwa ne, kwana ɗaya ya isa a gaji da kallonsa. Abin da ake sayar masa shi ne zango: kowace safiya ya farka a wani gari, a sami mai ba shi labarin wurin, da yamma ya koma masaukinsa. Wannan kuwa muna da shi.

Ita kanta sana'ar shirya wa jama'a yawon buɗe ido daga kusa da gida ta faro. A 1841 wani Bature ɗan Ingila, Thomas Cook, ya ɗebi mutane wajen 500 a jirgin ƙasa, tafiyar da ba ta wuce mil 12 ba, kowa ya biya sule ɗaya. Sai a 1869 ya kai masu yawo kogin Nilu a Masar, kuma sai a 1900 Jamusawa suka ƙera jirgin ruwa na farko da aka yi musamman don yawon shaƙatawa. Tun kafin duk wannan, fatakenmu sun san tsarin tafiya a ƙungiyance. Ayari na da madugu, da jagaba mai shigewa gaba ya duba hanya, da zango-zango da aka sani tun kafin a ɗaura kaya. Su neman halal ya fitar da su, mu kuma neman sani zai fitar da mu. Ga zango huɗu.

Zango na farko, Gumel. Wajen 1750 Ɗan Juma da jama'arsa Mangawa suka kafa wannan masarauta, wadda ta daɗe tana bin Borno, shi ya sa har yau ake jin sarautar Mai a bakin mutanenmu. Jihadin Shehu Ɗanfodiyo da ya kawo sauyi a Kano da Haɗeja bai ci Gumel ba. A 1845, zamanin Muhammadu Ɗan Tanoma, aka taso da fada daga Tumbi zuwa inda take a yau. Garin ya zauna tsakanin manyan maƙwabta uku, Kano da Haɗeja da Damagaram, kuma ya sha gwabzawa da su. A yaƙi da Haɗeja ne Sarki Abdullahi ya rasu a 1872. A 1903 Sarki Ahmadu ya karɓi Turawan Ingila.

Akwai baƙon da ya kamata duk ɗan Gumel ya san labarinsa. A watan Maris na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka a Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya tarar da gari cike da jama'a, ya kuma rubuta cewa nan ce babbar kasuwar kanwa, inda ake sauke ta daga ƙasar Borno a wuce da ita har Nupe. A nan ma wasiƙun gida suka riske shi bayan watanni bai ji ɗuriyar kowa ba. Da ya sake biyowa a ƙarshen 1854, sai ya tarar rikicin gadon sarauta bayan rasuwar Ɗan Tanoma ya ɗaiɗaita garin. Shekara uku da 'yan watanni kacal tsakani. Abin kunyar shi ne, mu da aka haifa a nan, da yawanmu ba za mu iya nuna inda waccan kasuwar kanwa ta ci ba.

Zango na biyu, Maigatari, kuma a je ranar Alhamis, ranar kasuwa. A kara za a ga raƙuma da shanu da dawakai da tumaki da awaki, ana ciniki da Hausa da Fulatanci da Barbarci da yaren Buzaye. Wannan kasuwa ita ce abin da ya rage mana mafi kama da zangon ayari. A nan kuma ake ganin aikin iyakar da Ingila da Faransa suka shata, wadda jami'ansu suka bi suka kafa wa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Layin ya bar Tumbi, tsohuwar fadarmu, a ɓangaren da ya zama Jamhuriyar Nijar. Dangi ɗaya, takarda biyu. Duk wanda ya ga yadda kasuwar ta yi sanyi lokacin rufe iyaka a 2019 da kuma 2023 ya san wannan tarihi bai mutu ba.

Zango na uku, Gagarawa. A 1930 aka kammala layin dogo daga Kano zuwa Nguru, ya ratsa ta nan, har unguwa ta samu sunan Tasha. Jirgin ƙasa ya karkatar da kaya daga bayan raƙumi da jaki zuwa tarago, gyaɗa da fatu suka riƙa gangarawa Kano su wuce bakin teku. Ke nan gyaɗar kakanninmu ta hau jirgin ruwa tun kafin mu fara mafarkinsa. A tsaya a bakin dogon, a nemi dattijon da ya taɓa shiga jirgin Nguru, a tambaye shi nawa ya biya da kuma awa nawa suka yi.

Zango na huɗu, Sule Tankarkar. Mai neman gini ko gidan tarihi zai ce ba abin gani. Mu kuwa a wurinmu nan ne aikin yake, domin tarihin garuruwa irin su Danzomo da Danladi da Jeke yana bakin mutane, kaɗan ne ya shiga takarda. Wa ya sari garin? Daga ina ya zo? Wace rijiya aka fara haƙawa? Ina aka gudu lokacin yaƙi ko fari? Duk dattijon da ya kwanta dama ba a tambaye shi ba, da amsoshinsa ya tafi.

Ga shawarwarinmu ga masu niyya. A mai da Gumel masauki, tunda tana tsakiya: a fita da safe, a dawo kafin magariba. Kwana uku sun isa, Laraba a zaga Gumel a leƙa Gagarawa, Alhamis Maigatari, Juma'a Sule Tankarkar. Lokaci mafi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, an gama girbi, zafi bai sauko ba. Bazara wahala ce, da damina kuma hanyoyin ƙauye ba su da tabbas. Mai son ganin dawakai ya daidaita da hawan sallah, amma ya sani ranar ba mai lokacin zama ya ba shi labari.

A yi karo-karo a ɗauki shatar mota ɗaya, a naɗa madugu guda da zai riƙe kuɗi da lokaci, a gama magana da direba tun kafin a tashi. A aika wa fada ko gidan hakimi da dagaci tun da wuri, kada a faɗo musu kamar daga sama. A riƙe goro ko ɗan abin gaisuwa. Kada a ɗauki hoton mutum, musamman mata, sai da izininsa, kuma a ajiye waya a aljihu a shingen jami'an tsaro. Kowa ya riƙe katin shaidarsa. Mai son ƙarasawa Tumbi ya bi ta ƙofar hukuma da cikakkun takardu, ya kuma tambayi halin da hanya ke ciki, ban da ɓarauniyar hanya. In dattijo ya yarda a naɗi muryarsa, a rubuta sunansa da garinsu da ranar. In ruwayoyi biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun, kada a zaɓi wadda ta fi yi mana daɗi.

Ba mu hana kowa burin ganin teku ba, tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma ranar da Allah Ya kai ɗayanmu cikin wancan jirgi, wani zai tambaye shi daga ina yake, me ke garinsu. Muna fatan ya sami abin faɗa fiye da "kusa da Kano."

Wanda ya ji wani abu daga bakin kakanninsa game da kasuwar kanwa ko jirgin Nguru, ya taimaka mana da shi. Allah Ya jiƙan magabata, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.