Kwanan Asibiti: Tarihin Aikin Dare na Sabon Likita

A asibitocin koyarwa akwai wani tsari da ake kira jiran kira, wato a ware likita ya kwana a asibiti domin ya amsa duk wata lalura da ta taso bayan an tashi daga aiki, tun daga la'asar har wayewar gari, wanda ma'aikatan asibiti a Nijeriya kan taƙaita da cewa wane yana kol. A wannan lokaci manyan likitoci sun koma gidajensu, ɗakin gwaje-gwaje ya rage ma'aikata, kuma wanda nas za ta fara tayarwa idan zazzaɓin majinyaci ya hau ko numfashinsa ya sarƙe shi ne ƙaramin cikin likitocin, wanda sau da yawa bai wuce 'yan makonni da kammala karatu ba.

Asalin tsarin yana komawa ga manyan asibitocin Turai na ƙarni na 19. A shekarar 1802 aka kafa wata jarrabawa a birnin Faris wadda ake zaɓen ɗaliban likitanci da ita su tare a cikin asibiti, a ba su ɗaki da abinci, su kuma su riƙe majinyata da dare a madadin malamansu, yayin da asibitocin Ingila suke da nasu matasan da ake kira likitocin gida saboda a cikin ginin suke zaune. Amma siffar da ta bazu a duniya ta samu ne a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, wanda aka buɗe a 1889, inda William Osler a fannin cututtuka da William Halsted a fannin tiyata suka tsara horo mai hawa-hawa bisa abin da suka gani a Jamus. Matashin likita yakan shafe shekaru yana zaune a asibitin, ba a son ya yi aure, ba a kuma ƙayyade masa lokacin tashi, bisa hujjar cewa cuta ba ta san dare ba, kuma wanda bai bi majinyaci tun daga shigowarsa har warkewarsa ko rasuwarsa ba bai san cutar ba. Masu tarihi sun tabbatar daga baya cewa Halsted ya kamu da jarabar hodar iblis a lokacin da yake gwada ta a matsayin maganin kashe zafi, sannan ya koma kan mofin, abin da ya sa wasu ke ganin bai kamata a ce juriyarsa ce ma'aunin juriyar kowa ba.

Hujjar malaman tana da ƙamshin gaskiya, domin babu likitan da ke ƙwarewa ba tare da an taɓa barinsa ya yanke hukunci shi kaɗai ba. Sai dai tare da ita wata ɗabi'a ta ginu wadda ba a rubuta ta a kowane littafi ba, wato ɗaukar tashin babban likita daga barci a matsayin alamar gazawa, ta yadda sabon likita kan gwammace ya yi ta kame-kame da ya buga waya a ce bai iya ba. Zuwan 'yar na'urar kira da ake rataya wa a ƙugu, wadda asibitin St Thomas na Landan ya fara amfani da ita a tsakiyar shekarun 1950, ya ba likita damar barin bakin gado, amma ya kuma sa mutum ɗaya na iya riƙe ɗakunan kwanciya da yawa a dare guda.

Abin da ya fito da wannan al'amari fili shi ne rasuwar Libby Zion, wata ɗaliba mai shekara 18, a asibitin New York a watan Maris na 1984. An kawo ta da dare tana zazzaɓi da fizge-fizge, likitoci biyu masu neman ƙwarewa suka duba ta, babban likitan kuwa ta waya kawai aka yi magana da shi. An yi mata allurar fetidin domin ta natsu, alhali tana shan wani maganin ciwon damuwa mai suna fenelzin, kuma haɗuwar magungunan biyu na iya tayar da zafin jiki mai kisa. Wajen ƙarfe uku na dare ƙaramar likitar ta wuce wurin sauran majinyata kusan 40 da ke hannunta, na gaba da ita ya tafi ya kwanta, kuma da nas-nas suka kira cewa yarinyar ta ƙara rikicewa, sai aka ba da umarni ta waya a ɗaure ta a gado a ƙara mata wata allura, ba tare da likita ya dawo ya duba ta ba. Da asuba zafin jikinta ya kai kusan digiri 42, zuciyarta ta tsaya. Mahaifinta, Sidney Zion, lauya ne kuma ɗan jarida, don haka maganar ba ta mutu a nan ba.

Kwamitin da jihar New York ta kafa a ƙarƙashin Dakta Bertrand Bell ya kai ga dokar 1989, wadda ta hana masu neman ƙwarewa wuce awa 80 a mako ko awa 24 a jere, ta kuma wajabta samun ƙwararren likita a kusa. Bell da kansa ya sha nanata cewa rashin sa ido na manya ya fi yawan awoyi illa, amma awoyi su ne abin da ake iya ƙirgawa a takarda, saboda haka a kansu muhawara ta tare. Hukumar da ke kula da horon likitoci a Amurka ta shimfiɗa ƙa'idar awa 80 a duk ƙasar a 2003, wani bincike da aka buga a 2004 ya nuna cewa sababbin likitoci masu dogon kwana sun fi tafka manyan kurakurai da kusan kashi 36 cikin 100, sai aka rage wa 'yan shekarar farko zuwa awa 16 a jere a 2011. Amma gajeren aiki yana nufin yawan miƙa majinyaci daga hannu zuwa hannu, kuma a wurin miƙawar ne bayanai ke zubewa, sannan wani babban gwaji da aka buga a 2016 bai ga bambanci a lafiyar majinyatan tiyata ba tsakanin tsauraran ƙa'idoji da masu sassauci. A 2017 aka mayar da awa 24.

Birtaniya ta bi wata hanyar. Dokar aiki ta Tarayyar Turai ta sauko da makon ƙananan likitoci zuwa awa 48 a 2009, kuma a shekarar ne masu bincike na Imperial College suka ruwaito cewa majinyatan gaggawa da aka kwantar a Larabar farko ta watan Agusta, ranar da sababbin likitoci ke kama aiki, sun fi na Larabar da ta gabata rasuwa da kusan kashi 6 cikin 100. Daga 2012 aka wajabta wa sabon likita a Ingila ya shafe aƙalla kwana huɗu yana bin wanda zai gada, ana biyansa, ya san inda kayan ceto suke, ya san majinyatan da ake tsoron dare a kansu da lambar da zai kira. Wannan ɗan gyara bai yi amo kamar dokokin awoyi ba, amma ya fi su kusa da ainihin abin da ke damun mai kwanan farko.

Nijeriya ta gaji tsarinta ne daga Birtaniya, ta hanyar asibitin koyarwa na Ibadan da aka buɗe a 1957 da waɗanda suka biyo bayansa a Zariya da Kano da Maiduguri da Sakkwato. Duk wanda ya gama karatun likita sai ya yi shekara guda ta horo, yana zagaya sashen cututtuka da tiyata da yara da haihuwa, kafin hukumar likitoci ta yi masa cikakkiyar rajista. A ƙa'ida akwai tsani sama da shi, daga mai neman ƙwarewa har zuwa kwansaltan, amma ficewar likitoci zuwa ƙasashen waje ta sa matakan tsanin sun yi gibi, kuma bayan kwana a tsaye akan zarce da zagayen majinyata na safe. Ga kuma abin da Baltimore ba ta sani ba, wato ɗaukewar wuta ana tsakiyar ɗinki, da jiran dangi su nemo jini ko su sayo magani da tsakar dare. Ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta daɗe tana sa tsawon kwanan aiki da alawus ɗinsa cikin ƙorafe-ƙorafenta, kuma tana da gaskiya, sai dai ƙayyade awoyi a asibitin da babu wanda zai karɓi aikin ba zai wuce rubutu a takarda ba. Abin da kowane asibiti ke iya yi tun yanzu, ba tare da jiran kasafin kuɗi ba, shi ne ya tabbatar an miƙa wa sabon likita majinyata a bakin gado kafin magariba, kuma babban da ke kol ya ɗauki waya idan an kira shi ba tare da faɗa ba.