Aiki Mai Matakai a Wasannin Harbi na Intanet: Asalinsa da Isowarsa Yammacin Zamfara

Wasannin harbi na intanet wasanni ne da mutane da yawa ke shiga lokaci guda, kowa da wayarsa ko kwamfutarsa, su haɗu a fili ɗaya na cikin na'ura suna fafatawa. Harbi ne ya fi fitowa fili a cikinsu, amma ƙashin bayansu shi ne aikin da ake ɗora wa ɗan wasa ko ƙungiyarsa. Aikin kan zo hawa-hawa: a isa wuri kaza, a nemo mabuɗi, a buɗe ƙofa, a tsare wurin na wasu mintuna, sannan a fice da rai. Mataki na biyu ba ya buɗewa sai an gama na farko, kuma sau da yawa kuskuren mutum ɗaya kan mayar da kowa baya. Wannan tsari ya yi shekara fiye da 20 yana girma a Amurka da Turai da Asiya kafin ya shigo hannun samarin Anka da Gummi da Bukkuyum a yammacin Zamfara.

Tushensa na komawa ga wasan Doom, wanda kamfanin id Software na Amurka ya fitar a Disamban 1993. A cikinsa ɗan wasa kan tarar da ƙofofi a kulle, sai ya nemo mabuɗi ja ko shuɗi ko rawaya kafin ya wuce gaba. Doom ya kuma ba mutum huɗu damar haɗa kwamfutocinsu, ko dai su yaƙi juna ko su haɗa kai su yaƙi dodanni. A 1996 kamfanin ya fitar da Quake, wanda ya sauƙaƙa karawa ta intanet tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Shekara ɗaya bayan haka GoldenEye 007, na kamfanin Rare da ke Ingila, ya zo da jerin ayyuka a rubuce a farkon kowane zango, kamar lalata na'ura, ɗauko takarda ko kuɓutar da fursuna. Duk wanda ya zaɓi matakin wasa mai wuya, sai jerin nasa ya ƙara tsawo.

Wasan da ya ɗaure aiki da ƙungiya shi ne Counter-Strike, wanda Minh Le da Jess Cliffe suka ƙirƙiro a 1999, kamfanin Valve ya saye shi ya fitar da shi kasuwa a 2000. Ɓangare biyu ne ke karawa. Ɗaya zai kai bam wani wuri ya dasa ya tsare shi, ɗayan kuma zai hana ko ya kwance shi kafin lokaci ya cika. A wasu filayen aikin kuɓutar da mutanen da aka tsare ne, a wasu kuma rakiyar mutum ɗaya har ya isa mafaka. Wannan na ƙarshe ya yi kama da langa, inda ƙungiya duka ke kare ruwanta har ya kai wurin sha, kuma da zarar an kayar da shi an ci su ko da sauran na tsaye. Daga nan aka gane cewa ƙungiyar da ta fi iya harbi tana iya faɗuwa a hannun wadda ta fi tsari.

Call of Duty ya fito a 2003, kuma fitowarsa ta 2007 mai suna Modern Warfare ta yaɗa al'adar ba ɗan wasa ƙananan ayyuka da yake cikawa sannu a hankali don ya sami sabon makami ko ƙarin girma. Aiki mai matakai ya kai ƙololuwarsa a wasan Destiny na kamfanin Bungie. A Satumban 2014 aka buɗe wani aiki a cikinsa mai suna Vault of Glass, wanda aka tsara wa mutum shida. Da farko sai sun kasu su tsare wurare uku lokaci guda kafin ƙofa ta buɗe. Daga nan su yaƙi wani babban dodo, su ratsa wani kogo a ɓoye ba tare da masu gadi sun hango su ba, su tsallake wani rami, sannan su fuskanci babban abokin gaba na ƙarshe. Wasan bai yi wa kowa bayanin yadda ake bi ba. Ƙungiyar da ta fara kammalawa ta shafe kimanin sa'o'i 14 tana gwadawa tana faɗuwa. A 2018 wani aikin makamancinsa, Last Wish, ya ci wa waɗanda suka fara gama shi kusan sa'o'i 19.

Duk wannan ya faru ne nesa da ƙasar Hausa, domin irin waɗannan wasanni na buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, wuta mai ɗorewa da intanet marar yankewa. Abin da ya fara isowa garuruwan Arewa shi ne ƙananan na'urorin da ake jonawa da talabijin, masu ɗauke da wasanni irin su Contra, inda mutum biyu ke zama kafaɗa da kafaɗa suna ratsa zango bayan zango. Bayansu aka sami gidajen gem, inda mai shago ke ajiye PlayStation da talabijin da janareta, yara su biya kuɗi su buga. Ƙwallon ƙafa ce ta mamaye waɗannan gidaje, saboda ana gama ta cikin mintuna kaɗan a ba na gaba wuri. Aiki mai tsawo bai dace da shagon da ake layi ba, kuma babu intanet da zai haɗa mai wasa da na wani gari.

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a Agustan 2001, kusan shekara biyar bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato. An ba da lasisin 3G a 2007, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas a 2010, sannan 4G ya fara bazuwa a manyan birane daga 2016. Sabis ya riƙa bin manyan hanyoyi ne da garuruwan da ke da jama'a. Garuruwan da ke kan titin da ya bi ta Anka da Daki Takwas zuwa Gummi sun riga ƙauyukan da ke cikin daji samu. A daidai wannan lokaci wayoyin Tecno da Infinix da itel, dukkansu na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, suka sauko da farashin babbar waya har ɗan kasuwa da ɗalibi suka iya mallaka.

Sai kuma wasannin da kansu suka sauko kan waya. PUBG, wanda Brendan Greene ɗan ƙasar Ailan ya tsara tare da wani kamfanin Koriya ta Kudu, ya fito a 2017, na wayarsa kuma a Maris ɗin 2018. Mutum 100 ake saukewa a tsibiri, kowa ya nemi makami, fili yana ta ƙanƙancewa har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya. Free Fire na kamfanin Garena da ke Singafo ya fito a ƙarshen 2017 da mutum 50 da karawa ta kimanin minti 10, kuma an gina shi don ƙananan wayoyi, abin da ya sa ya zama wasan waya da aka fi saukewa a duniya a 2019. Call of Duty: Mobile ya biyo baya ranar 1 ga Oktoban 2019, aka sauke shi sau miliyan 100 a makon farko.

A kan waya aikin ya sauya kama. Maimakon zama ɗaya na sa'o'i, kamfanoni sun yanka shi gunduwa-gunduwa: aikin yini, aikin mako da aikin zango, wato na tsawon makonni. Ana iya cewa ɗan wasa ya sauka a wuri kaza sau uku, ya tayar da abokinsa da aka harba, ya ci karawa da wani nau'in makami, sannan a buɗe masa mataki na gaba. Ladan shi ne tufafi, adon bindiga ko ƙarin matsayi. Saukar da wasan kyauta ne, amma mafi kyawun lada na bayan tikitin zango da ake saye da kuɗin cikin wasa, wato UC a PUBG, lu'ulu'u a Free Fire da CP a Call of Duty. Ƙungiya yawanci mutum huɗu ce, suna magana ta murya, wani na gaba yana leƙe, wani na harbi daga nesa, wani na riƙe da magani.

A yammacin Zamfara abubuwa uku ne ke yanke hukuncin ko za a kammala aiki: caji, data da sabis. Wasan harbi na cinye batir da sauri, don haka ɗan wasa na dogaro da shagon mai caji, ko sola, ko ƙaramin batirin ajiya. Data kuma ta ƙara tsada bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin da ya kai kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Sabis ne ya fi su muhimmanci, domin kowane motsi sai ya je babbar kwamfutar kamfani da ke nesa ya dawo. Idan saƙon ya yi jinkiri ko da rabin daƙiƙa ne, an riga an harbe mutum kafin ya ga wanda ya harbe shi, idan kuma ya yanke gaba ɗaya sai ƙungiya ta rasa mutum a tsakiyar aiki.

Babban misalin wannan dogaro ya zo a farkon Satumban 2021, lokacin da NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin jihar ƙarƙashin gwamnan lokacin, Bello Matawalle, don taimaka wa yaƙi da 'yan bindiga. An mayar da shi a Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa, har da Anka da Gummi da Bukkuyum, sai wajen ƙarshen Nuwamba. Asarar 'yan kasuwa da masu POS da iyalan da suka kasa jin juna ta fi ta 'yan wasa nesa ba kusa ba, amma wasan intanet ya tsaya cak a yankin na kusan wata uku, ayyukan zango suka wuce ba a cika su ba.

Wasannin sun kuma jawo muhawara a duniya. A Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan na'ura cikin jerin cututtuka, matakin da ya fara aiki a Janairun 2022. Indiya ta haramta PUBG Mobile a Satumban 2020, ta bi da Free Fire a Fabrairun 2022, bisa dalilan tsaron bayanai. A yankin da ƙarar bindiga ba ta cikin waya kaɗai ba ce, kamar yadda hare-haren Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka nuna, damuwar iyaye da malamai ta haɗa da lokacin da wasan ke ci daga karatu da salla da sana'a, da kuɗin da yake lashewa, da kuma yadda yake mayar da harbi abin nishaɗi. Duk da haka wasannin na nan a kasuwannin manhaja na Nijeriya, kuma yaɗuwarsu a yammacin Zamfara na tafiya ne daidai da yaɗuwar sabis da wutar lantarki.