Tsohon Turombon Da Masu Yi Masa Sabon Bututu

A wurinmu masu gyaran kayan busa na tagulla, turombon kashi biyu ne waɗanda ba sa tsufa tare. Akwai mazurarin nan mai faɗin baki inda amo ke fita, wanda in dai ba a taka shi ba sai ya shekara ɗari yana aiki. Akwai kuma silaid, wato bututu huɗu, biyu a cikin biyu, da mai busa ke turawa yana jawowa don sauya murya. Shi ne ke shan wahala: gumin hannu, yawu, gugar ƙarfe da ƙarfe, ga karo da kujera. Rabin tarihin sana'armu ya tafi ne wajen neman abin da zai maye gurbin waɗannan bututu huɗun.

A da, wanda ya ƙera shi ke gyarawa. Turombon mafi tsufa da ya rage a duniya Erasmus Schnitzer ne ya yi shi a Nurembag ta Jamus a 1551, kuma maƙeran wancan zamani falle suke yankowa na tagulla, su naɗe shi a jikin sanda, su like gaɓar da wuta. In bututu ya lalace sai a naɗa wani. A ƙarni na 19 aka kawo dabarar da muke kira safa: ana ƙara wa ƙarshen bututun ciki ɗan kauri, tsawon kamar inci 4, ta yadda nan kaɗai zai riƙa gogar na waje. Daga baya aka fara shafe bututun ciki da kurom don ya yi santsi. Mai busa ya ji daɗi, mai gyara kuwa ya shiga uku, domin kurom in ya ɓare a kan safa ba ya faci. Gefen ɓarewar kaifi gare shi, yana kankare bututun waje daga ciki, kuma maganinsa sabon bututu.

Sana'ar ta tsaya da ƙafafunta ne a Amurka. C.G. Conn ya kafa masana'antarsa a Elkhart ta jihar Indiyana a shekarun 1870, H.N. White ya fitar da turombon ɗin King a Kilibiland a 1894, F.E. Olds yana Los Anjeles, Vincent Bach yana Niyok. Bayan gasar masu busa ta makarantu da aka yi a Chikago a 1923, makarantun sakandare suka cika da kayan busa a hannun yara, kuma duk wanda ya san yaro ya san abin da zai biyo baya. Da yawa daga masu gyara na farko a benci na masana'anta suka koyi aiki, sannan suka buɗe shago. Lokacin abu ne mai sauƙi: ka aika lambar samfuri, a aiko maka da bututun da ya dace.

Matsalar da muka gada ita ce kowane kamfani da nasa awo. King 2B faɗin ramin bututunsa na sama inci 0.481 ne, na ƙasa 0.491. King 3B yana da 0.508. Conn 6H yana da 0.500, shi kuwa 88H, wanda ya fito a 1954 da shawarar Emory Remington, malamin makarantar kiɗa ta Eastman, yana da 0.547. Olds har ya yi bututun ciki mai ɓangarori maimakon zagayayye, wai don rage guga. Ko inda ramin ya zo ɗaya, kaurin bango da kaurin safa sukan bambanta da kashi biyu ko uku cikin dubu na inci, kuma wannan ɗan bambancin shi ne tsakanin silaid mai gudu da wanda ke cijewa ko yake zubar da iska.

Sai masana'antun suka fara sauya hannu. An sayar da Conn a 1969, a 1971 aka kai aikin tagulla Abilene ta Tekzas, Olds ya rufe a 1979. Har yau masu busa suna biyan kuɗi mai tsoka kan turombon da aka zana wa sunan Elkhart a mazurari, kuma su ne ke kawo mana shi da silaid ɗin da ya gaji. Ba mamaki da ƙungiyar masu gyara ta NAPBIRT ta kafu a 1976, a daidai wannan tsakani, aka kuma koma koyar da sana'ar a kwalejoji irin ta Red Wing a Minesota. Awon da a da yake cikin kundin kamfani ya dawo cikin littafin aljihun mai gyara. Wasu ƙalilan suka koma jan bututu da kansu: a zura sandar ƙarfe a ciki, a ja ta cikin huji mai awo, kamar yadda maƙeran fari ke jan wayar azurfa.

Abin da ya fi kashe bututun waje shi ne jar ruɓa. Tagullar da aka saba amfani da ita kashi 70 jan ƙarfe ce, 30 tutiya. Damshi da tsamin yawu suna cinye tutiyar daga ciki, su bar jan ƙarfe mai rauni. In ka ga ɗigo ja-ja da ɗan baƙi a tsakiya, cikin ya riga ya tafi. Allura kaɗai ta isa ta huda shi. In haka ta faru, sai a hura wuta kaɗan-kaɗan a gindin bututun har dalma ta saki, a zare shi, a goge mazauninsa tas. A yanka sabon daidai da ɗan'uwansa, a kwantar da su biyun a kan shimfiɗaɗɗen dutsen da aka daidaita fuskarsa, a auna tazarar da ke tsakaninsu sama da ƙasa. Ba a sa dalma sai komai ya zauna da kansa ba tare da an danna ba. Wanda ya matsa ya like, da zarar ƙarfen ya huce zai koma inda ya ga dama, silaid ya cije in an tura shi zuwa matsayi na uku ko na huɗu.

Akwai masu cewa sauya bututu ɓata asali ne. Na ajiyar gidan tarihi, na yarda, a bar shi yadda yake. Amma na busawa tuni aka daɗe ana taɓa shi. A Ingila ƙungiyoyin masu busa sun tsaya kan murya mai tsayi, inda sautin A ke kaɗawa kusan sau 452 a daƙiƙa, alhali tun 1939 aka amince da 440 a wani taro a Landan. Da kamfanin Boosey & Hawkes ya daina ƙera masu tsayin murya a 1964, sai aka yi ta kai kayan shago ana ƙara musu guntun bututu don muryar ta sauko. Duk wanda ya ci karo da tsohon turombon ƙirar Besson ko Boosey a ɗakin ajiyar 'yan badujala na soja ko na 'yan sanda, ya fara duba ko akwai irin wannan ƙarin kafin ya zargi mai busa da rashin kunne.

Inda nake taka-tsantsan shi ne wani siririn bututu da ke ɓoye cikin bututun ciki na sama, inda ƙoƙon busa ke shiga. Shi ke tsara yadda iska ke tafiya, kuma a tsofaffin turombon like yake da dalma. A tsohon 88H ma mazaunin ƙoƙon nasa daban ne da na sauran kamfanoni. Ana ɗumama siririn bututun a hankali, a murɗa, a jawo, don a mayar da shi cikin sabon bututun. Bangonsa bai fi takarda kauri ba bayan shekara sittin na yawu, saboda haka kafin wuta ta taɓa shi ake auna raminsa gaba da baya a rubuta, don in ya yage a samu abin da za a ja wani a kai.