Haƙar Zinariya da Gyaran Ƙasa: Darasin Zamfara

Haƙar zinariya irin ta zamani ta soma a Arewacin Nijeriya wajen 1913. Ta bunƙasa a shekarun 1930 a wurare irin su Birnin Gwari, cikin tsohon Lardin Zazzau, sa'an nan ta durƙushe lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka watse aka bar ramuka a buɗe. Abin bai dami jama'a ba, domin Bahaushe ya saba zama da kududdufi, kamar yadda unguwannin Zariya za su shaida. A ganinsa, ɓarnar haƙa ba ta wuce rami ba.

Abin da ya auku a Zamfara shi ya rushe wannan fahimta. Da farashin zinariya ya hau, sai mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka riƙa kai duwatsu cikin gida, ana daka su a turmi, ana niƙa su da injin niƙan hatsi. Ashe duwatsun cike suke da dalma. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar da yara suna mutuwa. Kimanin yara 400 suka rasu.

Magani kuwa ba ya amfani muddin yaro zai koma wasa a gurɓatacciyar ƙasa. Saboda haka gyara ya zama tilas kafin magani. Kamfanin TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith da gwamnatin jihar suka kankare kimanin santimita 5 na ƙasar tsakar gidaje, aka binne ta a bayan gari, aka zuba sabuwa. An gama ƙauyuka bakwai, har da Dareta da 'Yargalma, tsakanin 2010 da 2011. Bagega kuwa sai 2013, bayan Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗi.

Wato dai aikin cikin gida ne, wanda ba ya yiwuwa sai da izinin maigida da goyon bayan sarakuna. Amma gyara bai hana maimaici ba, domin a 2015 irin wannan annoba ta kashe yara a Shikira ta Jihar Neja. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya gyara ƙasar da ya ɓata. Sai dai an tsara ta ne da ramin daji a zuci, alhali kuwa gubar a turmi take.